Goge da Masu Haɗa Shi: Waiwayen Tarihi Daga Dala

Gabatarwa

Duk wanda ya leƙa ɗakunan karatu na sassan Hausa a jami'o'inmu zai tarar da kundaye masu ɗimbin yawa a kan makaɗa da mawaƙa. An rubuta tarihin rayuwarsu, an tattara waƙoƙinsu, an kuma feɗe salo da jigoginsu. Tun daga kundin digiri na uku da Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta a kan Mamman Shata a shekarar 1975, har zuwa littattafan Sa'idu Muhammad Gusau irin su Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, bakin mawaƙi ya sami masu kula da shi. Amma hannun da ya fafe ƙwarya, ya rufa mata fata, ya ja tsagiya har ta yi amo, bai sami rabonsa a cikin wannan nazari ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin aikin haɗa goge da ƙanwarsa kukuma a ƙasar Hausa da Borno, ta nuna dalilan da suka sa aikin bai taɓa zama sana'a mai zaman kanta ba, sannan ta kwatanta shi da tarihin gogen Turawa, wanda suke kira bayolin. Mun zaɓi mu dubi lamarin daga Dala ta Maiduguri, wato ba Dalar Kano mai dutse ba, domin a irin waɗannan unguwanni na bakin gari ne ake samun ragowar masu wannan sani a yau.

Asalin Goge da Hanyar da Ya Biyo

Masana tarihin kiɗa sun nuna cewa dabarar goga tsirkiya da gashin doki ta bayyana ne a tsakiyar Asiya da ƙasashen Musulmi wajen ƙarni na goma. Shahararren malamin nan Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, ya ambaci rababa a cikin babban littafinsa na ilmin kiɗa. Daga wannan tushe ne rassa biyu suka fito. Reshe ɗaya ya shiga Turai ta Andalus da Rum, ya yi ta sauya kama har ya taimaka wajen haifar da bayolin a Italiya. Ɗaya reshen kuwa ya ƙetaro Sahara tare da ayarin fatake, ya bazu a ƙasashen Sudan tun daga kogin Sanagal har tafkin Chadi.

Sunayen da al'ummomi suke kiran wannan abin kiɗa sun isa shaida a kan wannan yaɗuwa. Hausawa suna cewa goge, Yarabawa su ce goje, Dagwamba na arewacin Gana su ce gonje, Wolof na Sanagal su ce riti, mutanen Songai su ce njarka, Abzinawa kuma su ce imzad. A yankin tafkin Chadi sunan kukuma ya fi yawo a bakin jama'a, kuma shi ne sunan da Hausawa suke kiran ƙaramin goge da shi. Ko a birnin Tunis, inda jikokin bayin da aka kai daga ƙasar Hausa da Borno suka riƙe al'adun iyayensu, an san wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ake kira gugai.

Borno tana da babban matsayi a cikin wannan labari. Hanyar Fezzan da Bilma, wadda ta haɗa tafkin Chadi da Tarabulus, tana cikin tsofaffin hanyoyin Sahara, kuma sarakunan Kanem sun karɓi Musulunci tun ƙarshen ƙarni na goma sha ɗaya. Ta wannan hanya ake shigo da dawaki, har ma matafiyin nan Hasan Alwazzan, wanda Turawa suke kira Liyo Afirkanus, ya bayyana a farkon ƙarni na goma sha shida yadda sarkin Borno yake sayen dawaki daga fataken arewa. Wannan batu na doki yana da muhimmanci ga zancenmu, domin inda babu wutsiyar doki babu goge.

Yadda Ake Haɗa Goge

Goge abu ne mai sauƙin gani, mai wuyar yi. Mai haɗawa yakan fara da zaɓen ƙwarya busasshiya mai kauri, wadda ba ta da tsaga, faɗin bakinta kamar taƙi guda ko fiye kaɗan. Ita ake kira kumbo. Sai ya kankare cikinta, ya huda ta a gefe biyu, ya zura sandar itace ko ta ƙarfe ta ratsa ta. Bayan haka sai ya jiƙa fatar guza ko ta damo har ta yi laushi, ya shimfiɗa ta a bakin kumbon, ya ja ta ta ko'ina daidai wa daida, ya kafe ta, ya bar ta ta bushe. A gefe ɗaya na fatar yakan yanke wata 'yar kafa domin amo ya sami mafita.

Tsirkiyar goge, wadda ake kira tsagiya, curin gashin wutsiyar doki ce. Ana tsefe gashin, a fid da gajeru da masu rauni, a daidaita tsawonsu, a ɗaure su a gindin sanda, sannan a ja su zuwa sama a ɗaure da tsinken fata. Tsakanin tsagiya da fata akan sa wani ɗan itace da ake kira jaki, wanda yake ɗaga tsagiyar, yana kuma kai motsinta ga fatar. Abin gogawa, wato izga, shi ma gashin doki ne da aka ɗaura a lanƙwasasshen ƙarfe ko itace. Daga ƙarshe sai ƙaro, wanda ake shafa wa gashin domin ya yi kamu, kuma sau da yawa makaɗi yakan liƙa ɗan curinsa a jikin kumbo don ya kasance kusa da hannu. David Ames da Anthony King sun tattara da yawa daga cikin waɗannan sunaye a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa da aka buga a 1971.

Abin da ƙamus bai iya ɗauka ba shi ne awo. Yawan gashin da ya dace da girman kumbo, da irin jan da fata take bukata, da wurin da jaki zai zauna, da girman kafar amo, duk a ido da kunne da yatsu suke. In gashi ya yi yawa amo ya dushe, in ya yi kaɗan ya yi tsini ya kuma riƙa tsinkewa. Da damina fata takan saki, sai makaɗi ya shanya gogen a rana ko ya kanga shi kusa da wuta kafin ya fara. Wannan ilmi ne na haƙiƙa game da itace da fata da iska, amma ba a taɓa mayar da shi lissafi a takarda ba.

Sana'ar da Ba ta da Sarki

A tsarin zaman Bahaushe kowace babbar sana'a tana da gidajenta da unguwarta da shugabanta. Akwai Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Gini, kuma ɗa yakan gaji ubansa a kansu. Haɗa goge bai shiga wannan tsari ba. Inda aka sami Sarkin Goge, to sarautar ta mai kaɗawa ce. Galibi makaɗin ne da kansa yake haɗa abin kiɗansa, ko kuwa ubangidansa ya haɗa masa, ko wani abokin sana'a da aka san hannunsa yana da kyau.

Dalili na farko shi ne kayan aikin a warwatse suke a hannun wasu sana'o'i. Ƙwarya tana fitowa daga manomin duma, fata daga mafarauci, gashi daga barga, ƙarfe daga maƙera, adon fata da tuntaye daga dukawa. In kumbo ya tsage a kai wa mai gyartai. Mai haɗa goge tattarawa yake yi, saboda haka babu wani kaya guda da zai riƙe ya ce nasa ne, balle ya kafa rumfa a kansa. Dalili na biyu shi ne ƙarancin masu saye. Goge ɗaya yakan yi wa makaɗi shekaru, abin da ake sauyawa tsagiya ce kawai da fata. Mutum ba zai ciyar da iyali da abin da ake nema sau ɗaya a shekaru da yawa ba.

Wannan ya sa haɗa goge ya zauna a matsayin aikin gefe, aikin da ake yi da rani a ƙarƙashin inuwa, don bukatar kai ko don sha'awa. Yaron makaɗi, wanda yake riƙe ƙwaryar kiɗa ko yake amshi, da kallo yake koyo. Yau a ba shi tsefe gashi, gobe a ba shi riƙon fata, har ranar da zai haɗa nasa. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta bukatar kuɗi ko makaranta. Illarta kuwa ita ce duk ranar da makaɗi ya ajiye kiɗa, ko ya rasu bai bar yaro ba, sanin ya tafi da shi.

Goge a Idon Malamai da Sarakuna

Akwai dalili na uku, wanda ya fi na baya nauyi, wato matsayin goge a idon jama'a. Tun da daɗewa goge da garaya su ne kayan kiɗan bori. Da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ɗaga tutar jihadi a 1804, bori yana cikin al'adun da aka yaƙa, kuma shugabannin jihadin sun yi rubuce-rubuce a kan kiɗan da ya halatta da wanda bai halatta ba, inda kayan kiɗa masu tsirkiya suka faɗa cikin waɗanda aka ƙi. Veit Erlmann ya tattara waɗannan rubuce-rubuce ya yi nazarinsu a littafinsa na 1986. Tambura da kakaki da algaita sun ci gaba da zama a fada a matsayin alamun mulki, goge kuwa ya koma bayan gari.

A wuraren da sarakunan Haɓe suka yi gudun hijira suka sake kafa mulki, kamar Maraɗi ta Katsinawa da Tsibiri ta Gobirawa, goge ya ci gaba da walwala tare da bori. A cikin daular Sakkwato ma bai mutu ba, kamar yadda binciken Fremont Besmer a kan makaɗan bori na Kano, wanda aka buga a 1983, ya tabbatar. Sai dai ya rayu ne da tabo. A zamanin mulkin mallaka kuma, da garuruwan jirgin ƙasa da bariki suka bunƙasa, sai aka daɗa danganta shi da gidajen giya da na mata masu zaman kansu. Abin da aka ɗora wa irin wannan suna, ba malamin da zai ɓata tawadarsa wajen rubuta yadda ake yin sa, alhali kuwa malamai ne kaɗai masu rubutu a wancan lokaci.

Zamanin Rediyo da Faifai

Ƙarni na ashirin ya buɗe wa goge sabuwar ƙofa. Siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950 ta jawo makaɗan jama'a zuwa dandalin taro, gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962 ya kai muryoyinsu ƙauyuka, sannan kaset ya biyo baya. A wannan zamani ne sunayen Garba Liyo da Audu Yaron Goge suka yi tashe a goge, su Ibrahim Na Habu da Ali Ɗan Saraki da Ahmadu Doka da Hassan Wayam kuma a kukuma. Har a Amurka kamfanin Folkways ya fitar da faifan Garba Liyo a 1976.

Maiduguri ta shiga wannan zamani da ƙarfinta. An kafa Yerwa a 1907 lokacin da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa, jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama babban birnin Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, aka kuma kafa jami'a a 1975. Hausawa fatake da 'yan ƙwadago sun cika unguwanni irin su Hausari, suka zauna tare da Kanuri da Shuwa da Fulani da Babur da Margi, kowa da kayan kiɗansa. A ƙarshen shekarun 1980 aka fara wani shiri a Jami'ar Maiduguri na naɗar kaɗe-kaɗen Borno, tare da haɗin gwiwar masana daga Jamus, wanda ya adana sautuka masu yawa da yanzu ba za a sake samun irinsu ba.

Amma ko a wannan lokaci na ɗaukaka, sunan mai kaɗawa ne ya fita. Mai sauraro ya san muryar Hassan Wayam, bai kuwa taɓa tambayar wanda ya rufa fatar kukumarsa ba. Daga 1990, da finafinan Hausa suka kunno kai, fiyano ya fara kwaikwayon amon kayan gargajiya a ɗakin naɗar sauti, matasa suka ga ba sai sun wahala da ƙwarya ba. Bayan ƙaddamar da shari'a a jihohin Arewa daga shekarar 2000 kuma, an rufe da yawa daga wuraren da masu goge suke samun abinci.

Abin da Ya Faru a Kiremona

Domin mu gane abin da muka rasa, ya kamata mu dubi ɗaya reshen da ya tafi Turai. A garin Kiremona na arewacin Italiya, Andrea Amati ya daidaita siffar bayolin a ƙarni na goma sha shida. Bayolin yana da tsirkiya huɗu, ana kuma harhaɗa shi da sassan katako kusan 70, amma har yau da gashin wutsiyar doki da ƙaro ake goga shi, tamkar gogenmu. Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya yi kayan kiɗa fiye da 1,000, kuma kimanin 650 suna nan. A 2011 an sayar da ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi a 1721, a kan fam miliyan 9.8 na Ingila.

Mutanen Kiremona sun yi abubuwa biyu da namu ba su yi ba. Suna liƙa 'yar takarda a cikin kowane bayolin mai ɗauke da sunan wanda ya yi da shekarar da aka yi, sannan suna aiki da zane da ma'auni. Duk da haka sana'ar ta dushe a garin bayan mutuwar manyan gwanayenta. Abin da ya cece ta shi ne wani mai sha'awa, Cozio di Salabue, ya sayi zane-zane da kayan aikin Stradivari daga hannun ɗansa ya adana. Waɗannan kaya sun koma Kiremona a 1930, aka buɗe makarantar koyon sana'ar a 1938, hukumar UNESCO kuma ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2012.

Masu yi don sha'awa sun taka babbar rawa a wannan tarihi. Edward Heron-Allen lauya ne a Landan, ya koyi haɗa bayolin a lokacin hutunsa, ya wallafa littafi a kan yadda ake yi a 1884, kuma mutane da yawa sun haɗa na farkonsu da wannan littafi a gabansu. Carleen Hutchins malamar kimiyya ce a wata makaranta a Amurka, ta fara sassaƙa a gidanta, daga baya ta zama jagora wajen binciken yadda katako yake ba da amo. Misalin da ya fi kusa da mu ma yana nan. Da Abzinawa suka ga masu imzad sun kusa ƙarewa, sai aka kafa ƙungiyar ceto shi a Tamanrasset a 2003, aka riƙa koya wa 'yan mata haɗawa da kaɗawa, har UNESCO ta amince da shi a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar.

Dala a Yau

Rikicin da ya ɓarke a Borno daga 2009 ya tarwatsa ƙauyuka, ya koro ɗimbin jama'a zuwa Maiduguri, kuma Dala tana cikin unguwannin da suka karɓi baƙi masu yawa. Waɗannan bayin Allah sun baro gonaki da dabbobi, amma sun taho da abin da yake cikin kawunansu, har da sanin sana'o'in hannu na garuruwansu. Wato ilmin da a da sai an yi tafiyar kwanaki kafin a same shi, yanzu yana zaune a cikin gari ɗaya da jami'a, a hannun dattawan da shekaru suka ja.

Kayan aikin su ma suna ƙara wuya. Roba da kwano sun kori ƙwarya daga gidaje da yawa. Shiga daji farauta ya zama kasada, ga shi kuma guza da damo suna cikin namun dajin da dokar ƙasa ta 1985 da yarjejeniyar duniya suka taƙaita cinikinsu. A 2015 hukumomin tsaro sun hana hawan doki a jihar saboda maharan da suke amfani da shi. Duk da haka sha'awar ba ta mutu ba, domin har yanzu yara sukan rufa leda a bakin gwangwani, su ɗaura zare a kara, su yi ta gogawa. Kada mu raina wannan, don kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi, da gwangwanin kifi ake yin irinsa.

Kammalawa

Mun ga yadda goge ya ƙetaro Sahara, ya zauna a ƙasar Hausa da Borno ɗaruruwan shekaru, ba tare da masu haɗa shi sun sami suna ko sarauta ko littafi ba. Mun kuma ga cewa a Kiremona da Tamanrasset masu sha'awa ne suka tsaya, suka auna, suka rubuta, suka koyar, kafin hukumomi su waiwayo.

Muna sane da cewa wasu daga cikin masu karatu suna da damuwa ta addini game da goge, kuma malamai sun daɗe suna bayani a kan hukuncin kiɗa. Wannan maƙala ba fatawa ba ce. Abin da muke cewa shi ne, rubuta yadda kakanninmu suka sarrafa ƙwarya da fata da gashi aiki ne na tarihi da harshe, kamar yadda muke nazarin bori da tsafi a aji ba tare da mun yi su ba. Kalmomi irin su tsagiya da kumbo da jakin goge dukiyar Hausa ce, kuma in abin ya ɓace su ma za su bi shi.

Saboda haka muna ba ɗalibanmu shawara, musamman masu neman batun kundin kammala digiri, su ɗauki ma'auni da littafi da wayar ɗaukar hoto, su nemi dattawan da suka san wannan aiki a Dala da makamantanta. Su auna faɗin kumbo da tsawon sanda, su ƙirga gashin tsagiya, su rubuta sunan kowane sashe da Hausa da Kanuri da Shuwa, su gwada ko fatar akuya za ta iya maye gurbin ta guza. Wanda yake da sha'awa ya zauna ya haɗa nasa a lokacin hutu, in ya gama ya rubuta sunansa da na wanda ya koya masa da shekara a cikin kumbon kafin ya rufa fata. Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an sami wanda ya adana ta.